Ashe Ɗan Hausa Takwaran Kakana Ne

Kakana, manomi a wani ƙauye kusa da Dambatta, bai taɓa yafe wa Ɗan Hausa ba. A ganinsa shi ya kawo boko, boko kuwa ya raba yara da gona. Da ƙyar ya bari na shiga sakandare.

Sai da na je jami'a na san ainihin sunan Baturen: Hanns Vischer, wanda aka haifa a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876. Shi ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909.

Hanns, ko Hans, suna ne ruwan dare a Jamus da Holan, an gutsuro shi ne daga Johannes. Tushensa Ibrananci ne, Yohanan, wato Allah ya yi alheri, kuma da shi Kiristoci ke kiran Annabi Yahaya (AS). Saboda yawansa, Jamusawan dā kan kira kowane talaka Hans, kamar yadda mu ke cewa Audu ko Tanko. Vischer kuwa masunci ke nan.

To, sunan kakan nawa Malam Yahaya. Har ya rasu ban gaya masa ba. Gaskiya tsoron sandarsa na ji.