Rokar da Muka Kalla a Waya da Baƙin Yashin Jos



Ranar Asabar, 30 ga Mayu 2020, da ƙarfe 8:22 na dare agogon Najeriya, roka mai suna Falcon 9 ta tashi daga cibiyar Kennedy da ke jihar Fulorida a Amurka, ɗauke da mutum biyu, Bob Behnken da Doug Hurley. Kwana shida ke nan bayan Ƙaramar Sallah, lokacin da annobar korona ta tsare jama'a a gida, shi ya sa mutane da dama suka kalli tashin kai tsaye, wasu a talabijin, wasu a waya. An so a harba ta tun ranar Laraba, hadari ya hana. Bayan tafiyar kimanin awa 19, kumbon da suke ciki, Crew Dragon, ya manne da tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 400 daga ƙasa. Sun dawo ranar 2 ga Agusta, suka sauka a cikin teku da lema.

Abin da ya sa ranar ta shiga tarihi shi ne, wannan ne karon farko da kumbon kamfani mai zaman kansa ya kai mutane wannan tasha. Tun da Amurka ta ajiye tsofaffin kumbunanta a watan Yuli 2011, shekara tara 'yan sama-jannatinta suna sayen kujera a kumbon Rasha mai suna Soyuz. A 2014 hukumar NASA ta ba kamfanoni biyu kwangilar wannan jigila: Boeing dala biliyan 4.2, SpaceX dala biliyan 2.6. SpaceX ne ya riga cika alkawari. Tun daga nan ake ta maimaita irin wannan tashi, har ƙasashen Larabawa sun tura nasu mutanen a 2023: Sultan AlNeyadi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya yi wata shida a tashar, Rayyanah Barnawi da Ali AlQarni na Saudiyya suka yi kwanaki.

To, mai karatu na iya cewa ina ruwan mutumin Jos da wannan? Amsar tana cikin hoton da ake nunawa. Kimanin minti biyu da rabi da tashi, ƙasan rokar yana rabuwa ya juyo ya sauka, saman kuma ya kunna nasa injin. Daga nan kyamara takan nuna wani babban bakin inji mai siffar mazurari, yana yin ja kamar ƙarfe a maƙera. A can sama babu iskar da za ta sanyaya shi, don haka dole a ƙera shi da ƙarfen da zai yi ja-wur bai narke ba. Wannan mazurari, gamin wani ƙarfe ne da ake kira niyobiyam, wanda sai zafi ya kusa digiri 2,500 yake narkewa. Shi kuma niyobiyam, ɗaya daga cikin duwatsun da ake samunsa shi ne kwalambait, baƙin yashin nan mai nauyi da ke fitowa tare da kuza. Akwai lokacin da duniya ba ta da inda take samunsa da yawa kamar ƙasar Jos.

Labarin ya faro ne daga kuza. Kafin zuwan Turawa, masu narkar da dalma a Riruwai ta ƙasar Kano da Riruwan Dalma ta ƙasar Bauci suna wanke kuza a rafi, su narka ta, su fitar da ita sirara-sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Ganin wannan dalma a hannun 'yan kasuwa ne ya sa Kamfanin Neja ya turo mutanensa neman tushenta tsakanin 1902 da 1904, har injiniyansu H. W. Laws ya kafa sansani a Naraguta. Ba a ɗau lokaci ba kamfanoni suka yi ca, aka yanka musu filaye, sana'ar masu narkarwa ta gargajiya kuma ta mutu. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, babban layin da ya taso daga Fatakwal ya iso Jos a 1927. Don injinan haƙar ma'adinai aka gina tashar lantarki ta Kurra, wadda kamfanin NESCO ke gudanarwa.

Aikin kuwa mutane ne suka yi shi da diga da shebur da kwano a ka. Daga Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya, Barno da Bauci aka yi ta kwararowa, haka daga ƙasar Tibi da kudancin Najeriya. Berom da Afizere da Anaguta da sauran al'ummomin yankin, su suka ga gonakinsu sun koma ramuka, da yawa daga cikinsu kuma suka shiga leburancin. Bukuru, Barikin Ladi, Bisichi, Dorowa, Gana Ropp, Sabon Gidan Kanar, duk garuruwa ne da kuza ta raya. Lokaci mafi tsanani shi ne Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun dalma, sai ta ɗora wa Najeriya aikin tilas. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebo dubban mutane daga lardunan Arewa ta hannun hukumomin gargajiya. Sanyin Jos da ƙarancin abinci da cututtuka suka kashe da yawa. A 1943 ne haƙar kuza ta kai ƙololuwa, sama da tan 17,000 a shekara guda.

A shekarun farko, kwalambait datti ne a wurin masu haƙa. Yana rage wa kuza daraja, don haka ake tace shi a zubar a juji. Zuwan injin jirgin sama mai gudun gaske ne ya canza lissafi, domin an gano cewa ɗan niyobiyam kaɗan yana sa ƙarfe ya jure zafi. Lokacin yaƙin Koriya, a farkon shekarun 1950, gwamnatin Amurka ta shiga sayen kwalambait tana tarawa a rumbu da farashi mai tsoka. Sai aka koma kan jujin da aka zubar ana sake wankewa, kamfanoni irin su Bisichi da Jantar da ATMN suka ci riba mai yawa. A waɗannan shekaru Najeriya ce ke samar da mafi yawan kwalambait ɗin duniya, kuma kaso mafi tsoka daga wannan tsauni namu yake fita.

Daɗin bai daɗe ba. Da Amurka ta cika rumbunta a tsakiyar shekarun 1950, farashi ya faɗi. Ana cikin haka aka gano wani dutse daban mai ɗauke da niyobiyam a garin Araxá na ƙasar Barazil, mai yawa kuma mai sauƙin haƙa. Kamfanin CBMM da aka kafa a 1955 bai tsaya ga haƙa ba, ya koyi tacewa da haɗa gami, ya riƙa sayar da ƙarfen a sarrafe. Yau Barazil ce ke riƙe da kusan kashi tara cikin goma na kasuwar, Kanada na biye. Saboda haka kada wani ya ce ƙarfen da ke jikin rokar SpaceX daga Bukuru ya fito. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne, a shekarun da masana'antun jiragen sama ke koyon aiki da wannan ƙarfe, yashinmu suke saya. Daga wannan ilimi aka samar da gamin da ake kira C-103, mai kashi 89 na niyobiyam, wanda aka ƙera mazurarin injin kumbon Apollo da shi, kumbon da ya kai mutum duniyar wata a 1969.

Mu kuma a nan, ko kuzar ma ɗanye aka riƙa fitar da ita zuwa Ingila sama da shekara hamsin, sai a farkon shekarun 1960 aka buɗe kamfanin narkarwa na Makeri. Kwalambait kuwa a buhu ya tafi, yashi ne kawai. Bayan man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, kamfanonin waje suka fara janyewa a shekarun 1970, kasuwar dalma ta duniya kuma ta rushe a watan Oktoba 1985. Abin da aka bar mana kowa na ganinsa: tafkunan da ke cin yara masu wanka, tuddan ƙasa da ba sa shuka, da ramukan loto da ke ruftawa da matasa har gobe.

Ba ma'adinai kaɗai ne ya haɗa Arewa da tafiyar sararin samaniya ba. Lokacin da Amurka ke shirin tura mutum ya kewaya duniya, ta kafa tashoshin bibiya a sassa daban-daban, biyu a Afirka: ɗaya a Zanzibar, ɗaya a Kano. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, John Glenn ya kewaya duniya sau uku, ya yi magana da tashar Kano, ya ce yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa. Duk wanda ya san hunturun Fabrairu ya san abin da ya gani. Ranar 23 ga Agusta 1963 kuma, Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa ya yi magana da Shugaba John Kennedy ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwan Amurka da ke tashar Legas. Wannan ce wayar farko ta tauraron ɗan'adam tsakanin shugabannin gwamnati biyu. A duka biyun, wuri muka bayar, na'ura da iliminta na masu ita ne.

Sai a 1999 Najeriya ta kafa nata hukumar sararin samaniya, NASRDA. An harba NigeriaSat-1 daga Rasha a watan Satumba 2003, kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi. Na sadarwa, NigComSat-1, da Sin ta ƙera ta harba a 2007, ya lalace a Nuwamba 2008, aka maye gurbinsa a Disamba 2011. Wanda ya fi dacewa a tuna shi ne NigeriaSat-X na watan Agusta 2011, domin injiniyoyin Najeriya da aka horar a Surrey ne suka haɗa shi da hannunsu. Wannan ya nuna cewa in an koya wa yaranmu, za su iya.

Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ɗaya daga cikin cibiyoyin wannan hukuma a Jos take: Cibiyar Nazarin Hotunan Tauraron Ɗan'adam ta Ƙasa, wadda ke karanta hotunan da ake ɗauka daga sama don sanin yanayin gonaki, dazuzzuka, ambaliya da zaizayar ƙasa. Wata cibiyar hukumar, mai auna motsin doron ƙasa, tana Toro, nan kusa a hanyar Bauci. A Jos ɗin dai akwai Cibiyar Bunƙasa Sarrafa Ƙarafa ta Ƙasa, akwai makarantar koyon ilimin ma'adinai ta tarayya, akwai Jami'ar Jos da sashenta na ilimin duwatsu da haƙar ma'adinai. Ba garuruwa da yawa ne a Najeriya suka tara waɗannan a wuri guda ba. Sai mu tambayi kanmu, 'ya'yanmu nawa ne ke ciki, ɗalibai ko ma'aikata?

Tambayar tana da muhimmanci ne domin tarihin yana neman maimaita kansa. Kuza ta sake yin daraja saboda da dalma ake liƙa kayan lantarki. Tantalam, ɗan uwan niyobiyam da ke fitowa daga irin wannan yashi, yana cikin wayoyin da ke aljihunmu. A maƙwabciyarmu Nasarawa ana rububin wani sabon ma'adinin na yin batir. Matasanmu na shiga rami da igiya da tocila, mata na wanke yashi a bakin tafki, dillali na aunawa ya biya, kaya su bi mota zuwa tashar jirgin ruwa. Haka kakanninmu suka yi wa kamfanoni, bambancin kawai yanzu babu bariki babu albashin mako. Barazil ba ta fi mu da komai ba a farko sai yawan dutsen, amma ta riƙe kasuwa shekara sittin saboda ta koyi sarrafa shi.

Akwai abin da ke hannunmu tun kafin gwamnati ta motsa. Yaron da ke da kai a lissafi da kimiyya, kada a cire shi daga makaranta don ramin loto ko tuƙin Keke, ko da kuɗin yau sun fi daɗi. Masu hali da ke ɗaukar nauyin karatu su tuna da fannin duwatsu da ƙarafa da safiyo, ba likitanci da lauya kaɗai ba. Masu sana'ar ma'adinai su haɗu a ƙungiya mai rajista, su nemi lasisi, su kai samfurin kayansu a auna musu kafin su sayar, domin wanda bai san abin da ke cikin buhunsa ba, farashin da aka faɗa masa shi zai karɓa. Dattawan da suka yi aiki a ATMN ko Makeri kuma suna ƙarewa, ya kamata a zauna da su a ɗauki labarinsu.

Tashar sararin samaniyar nan, da mutane ke zaune a cikinta ba yankewa tun Nuwamba 2000, tana kewaya duniya cikin kusan minti 90, kuma takan bi ta saman Jos. Ana ganinta da ido bayan magariba ko kafin asuba, kamar tauraro mai haske yana tafiya ba ƙyaftawa, ta ratsa sama cikin 'yan mintuna. Akwai manhajojin waya da ke faɗin ranar da lokacin. Ku fita da yara ku nuna musu, ku gaya musu ta wace hanya ake zuwa can, da kuma abin da ƙasar da suke tsaye a kanta ta taɓa bayarwa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka yi wannan wahala, Ya ba garinmu zaman lafiya, Ya yi wa zuri'armu albarka.