Yarinya Mai Lamba 6587-0069 da Littafin Mai Unguwa

Maƙalarmu ta wannan mako ta leƙa wani fage da ba kasafai muke shiga ba a zauren nan, wato aikin masu binciken lafiyar al'umma, musamman abin da suke kira haɗa bayanai, da kuma ƙa'idojin da suka hau kansu kafin su taɓa sunan mutum ko jikinsa.

Mu fara da misali. A ce an haifi yaro a wani ƙauye na Rogo, aka raɗa masa Muhammadu Sani, sunan kakansa na wajen uba. Haka mai unguwa zai rubuta a littafinsa. Ranar rigakafi uwar ba za ta iya kama sunan surukinta ba, sai ta ce Babangida, a rubuta haka a kati. Zazzaɓi ya kama shi, asibitin da ya fi kusa da su yana ta wajen Maƙarfi, a jihar Kaduna, can kuma a rubuta Sani Rogo. A firamare ya zama Sani Musa. Shekarun haihuwa kuwa kowa da nasa kintace. Mai binciken da ke son sanin ko yaran da aka yi wa allurar ƙyanda suna sake kamuwa da ita, dole sai ya gane cewa mutum huɗun nan mutum ɗaya ne. Wannan ɗinkin rajista da rajista shi ne haɗa bayanai. In ya yi kuskure ya raba yaro ɗaya gida huɗu, ko ya cusa yara biyu cikin riga ɗaya, lissafin alluran da za a aiko ƙaramar hukumar ma sai ya karkace.

Ba alkunya kaɗai ke sa mutanenmu rowar suna ba. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, rubutun da talakan ƙasar Ƙaraye ya fi sani shi ne na haraji. Dagaci da mai unguwa su ƙirga baligai, malamin haraji ya rubuta, a kai wa hakimi. Makiyayi kuma ya kora shanunsa daji in lokacin jangali ya yi. Sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a jihar Kano. Shekara saba'in da ɗoriya ke nan mutum yana ganin duk sanda alƙalami ya tambayi sunansa, wani abu za a karɓa. Ga shi kuma dama ba ma son a ƙirga mana 'ya'ya, don gudun baki.

A kan wannan tsohon tabo ne abin da ya faru a birnin Kano a 1996 ya sauka. Ba a Ƙaraye ko Rogo aka yi shi ba, amma duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa yin sallama a ƙofar gida a yankin ya ci karo da inuwarsa.

A bazarar shekarar sanƙarau ya ɓarke a Arewa, ya kama mutum sama da 100,000, ya kashe fiye da 11,000. Asibitin Zana ya cika ya batse. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna ciki suna ba da magani kyauta, sai ga tawagar kamfanin Pfizer daga Amurka da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda ba a riga an amince da shi ba. Suka ɗauki yara kusan 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka yi musu allurar wani sanannen magani, ceftriaxone, amma a ƙasa da adadin da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta, ko makanta, ko shanyewar jiki. Cikin 'yan makonni tawagar ta tattara ta koma.

Adalci ne mu faɗi abin da kamfanin ya tsaya a kai. Ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran, shi ne kuma ya nakasa sauran, don cutar na yin haka ko da magani. Ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa, sun amince da baki. Iyaye da dama kuwa sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, balle ya nuna musu cewa ga maganin da aka sani can a wajen MSF. Takardar amincewa mai sa hannun uba ko dangwalen yatsan uwa, wadda da ita ce za ta raba gardama, ba a taɓa fito da ita ba.

Takardar da aka fito da ita wata ce dabam. Wasiƙa ce mai kwanan watan Maris 1996, a kan takardar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tana cewa kwamitin ƙa'idojin bincike na asibitin ya yarda a yi gwajin. Bayan jaridar Washington Post ta tono zancen a Disambar 2000, shugaban asibitin na lokacin, Farfesa Sadiq Wali, ya bayyana cewa a watan da aka ambata babu ma kwamitin. Daga baya aka rubuta wasiƙar, aka mayar da kwanan watan baya. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi, ya gama aikinsa a 2001, ya ce gwajin ya saɓa doka, amma rahoton ya kwanta a ɗurowa har 2006 da jaridar ta samo shi. Shi kansa Trovan, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don manya a 1997, ta taƙaita shi a 1999 saboda yana lalata hanta. Ba a taɓa halatta shi ga yara ba.

A rahoton jaridar akwai yarinya 'yar shekara goma da aka ba Trovan, jikinta ya ci gaba da rikicewa, ta rasu bayan kwana uku. Abin da ya rage nata a kundin gwajin shi ne lamba, 6587-0069. Ɓoye suna da lamba ba laifi ba ne, hasali ma ƙa'idar bincike ce, don a rufa wa majinyaci asiri. Sai dai lamba tana buƙatar mabuɗi, wato wani kundi a hannun amintacce wanda zai mayar da ita ga mai ita in buƙata ta taso.

Buƙatar kuwa ta taso. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka yi sulhu a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 don iyalai, miliyan 30 don ayyukan lafiya, miliyan 10 kuɗin shari'a. To su wane ne iyalan? Yara 200 aka yi wa gwaji, mutum sama da 500 suka zo. Cikinsu akwai wanda da gaske ɗansa ya kwanta a Asibitin Zana a wannan bazarar amma bai san a hannun wa ya kwanta ba, akwai kuma wanda ƙamshin dala ya kawo. Da takarda ta kasa rabewa sai aka koma ga jiki. Aka riƙa ɗibar yawun masu da'awa ana gwada ƙwayoyin halittarsu da samfuran da aka ɗiba a jikin yaran tun 1996. Iyalai da yawa sun ƙi da farko, suna cewa wanda maciji ya sara ba a miƙa masa igiya. Sai a watan Agustan 2011, shekara 15 bayan gwajin, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu.

Kafin nan wasu yaran sun riga sun biya bashin da ba su ci ba. A 2003 jita-jita ta bazu cewa ɗigon shan-inna na hana haihuwa, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin har Yulin 2004, sai da aka kawo wanda aka yi a Indunusiya. Dalilan ƙin suna da yawa, har da siyasar lokacin, amma duk wanda ya kafa hujja da Asibitin Zana ba a iya ce masa ƙarya yake. Cutar ta fantsama zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba, aka bi gida gida ana rubutu da alli a jikin katanga ana shafa tawada a ɗan yatsan yaro, kafin a ga na ƙarshe a jihar Kano a Sumaila a 2014.

Dokoki sun biyo baya. A 2007 aka fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, a 2014 dokar lafiya ta ƙasa ta ba kwamitin da ke kula da shi gindin zama, a 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane. Littafin mai unguwa ma ya dawo da sabon aiki: a rubuta jarirai, a gwama da rajistar asibiti, a gano wanda bai zo rigakafi ba a bi shi gida. Masarautar Ƙaraye, wadda tun 2024 ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo kaɗai, a kan waɗannan dagatai da masu unguwanni take tsaye. A ganinmu aikin yana da kyau. Amma uwar da ta ba da sunan ɗanta don a ɗiga masa rigakafi ba ta ce a ɗinke shi da rajistar asibiti a zuba a kwamfuta a Abuja ba, ba kuma lallai an tambaye ta ba.

Nan ne aikin ya iso ƙofarmu, domin takardun neman amincewa da Turanci ake tsara su, sai a nemi mai Hausa ya fassara. A asibitinmu in an ce wa uwa za a yi gwaji, abin da take ji shi ne za a ɗebi jini a duba zazzaɓin cizon sauro, abu na kullum. In an ce bincike, ta tuna ɗan sanda. In an ce magani, ta ɗauka wanda aka riga aka tabbatar ne. Kalmomin nan uku duk daidai suke a ƙamus, kuma mutum na iya jera su a takarda, uwa ta dangwala yatsa, alhali ba a gaya mata cewa su kansu likitocin ba su san ko maganin zai yi wa ɗanta aiki ba, kuma in ta ce a'a za a duba shi kamar kowa.