Zamanin Silimar Kaboyi

A shekarun 1960, kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ne ke riƙe da harkar silima a Nijar. Fim ba ya isowa ƙasar nan sai ya gama zagayen Dakar da Abijan, zarensa ya tsufa, yana tsinkewa ana tsakiyar kallo. Amma kuɗin shiga kaɗan ne, samari kuwa suka kamu da son kaboyi, abin da ya tayar da hankalin dattawa ƙwarai. Mustafa Alasan, wanda daga baya ya zauna a Tawa, ya nuna wannan damuwa a fim ɗinsa na 1966, Le Retour d'un aventurier: samarin ƙauye sun sa hulunan kaboyi, sun hau dawaki, sun daina jin maganar sarki.