Mayar da iskar gas cikin giyar ganga

Mayar da iskar gas hanya ce da masu haɗa giya a gida ke bi idan giyar da ke cikin gangar ƙarfe ta daina kumfa. Yawanci suna amfani da gangar Cornelius mai cin lita 19, wadda asali aka ƙera ta domin lemon kwalba.

Giya takan rasa kumfa idan iskar kabon dayoksaid ta tsere ta robar murfi ko ta tiyo, ko kuma tukunyar gas ta ƙare. Ana gano wurin yoyo ta hanyar shafa ruwan sabulu a mahaɗai. Idan ba a toshe shi ba, sabuwar iskar ma za ta tsere.

Bayan gyara, ana sanyaya giyar zuwa kusan digiri 4 na Selsiyas, domin ruwa mai sanyi ya fi riƙe iska. Sai a saita matsin gas a kan psi 10 zuwa 12 na mako 1 zuwa 2. Wannan ya dogara da dokar William Henry ta shekarar 1803, wadda ta nuna cewa iskar da ke narkewa cikin ruwa tana ƙaruwa gwargwadon matsinta.