Shahidan Uganda da Ranar 3 ga Yuni

A al'adar Ikkilisiyar Katolika, kowane ɗaya daga cikin tsarkaka yana da ranar idinsa, wato ranar da ake tunawa da shi cikin sujada, kuma galibi akan zaɓi ranar rasuwarsa, domin ana ɗaukarta a matsayin ranar da aka haife shi zuwa rai madawwami. Amma akwai waɗanda aka haɗa su a rana guda duk da cewa ajalinsu bai zo tare ba, kuma shahidan Uganda, su 22, waɗanda ake tunawa da su a ranar 3 ga Yuni, suna cikin fitattun misalai a Afirka.

Asalin al'amarin yana fadar Buganda, inda 'yan mishan na Angilikan suka iso a 1877, na Katolika kuma a 1879, a zamanin Kabaka Mutesa na Ɗaya, wato sarkin ƙasar. Sabon addinin ya fi samun karɓuwa a wurin samarin fada, waɗanda manyan ƙasa kan aiko su yi wa sarki hidima su kuma koyi sarauta. Da Mwanga na Biyu ya gaji mahaifinsa a 1884, sai ya tarar da yaransa sun soma fifita wata doka a kan umarninsa, har suna ƙin amsa kiransa idan ya neme su da lalata, abin da fada ta ɗauka a matsayin tawaye. Irin wannan rikici ya taɓa faruwa tun a tsakiyar shekarun 1870, lokacin da Mutesa ya sa aka kashe samarin fada Musulmi saboda sun ƙi cin naman da ba a yanka bisa shari'a ba.

A cikin shahidan 22, wanda aka fara kashewa shi ne Joseph Mukasa Balikuddembe, babban bafade, wanda aka fille wa kai a ranar 15 ga Nuwamba 1885 bayan ya fuskanci Mwanga da zargin kisan Bishop James Hannington. Charles Lwanga, wanda ya ɗauki nauyin kula da samarin bayansa, shi ne ya yi wa wasu daga cikinsu baftisma a ɓoye a daren da ya tabbata za a kama su, cikinsu har da Kizito, ɗan kimanin shekara 14, ƙarami a cikinsu duka. Daga Munyonyo aka tasa ƙeyarsu a ɗaure zuwa Namugongo, aka naɗe su da kara, aka cinna musu wuta a ranar 3 ga Yuni 1886, Katolika da Angilikan a wuri guda. Matthias Mulumba kuwa, dattijo mai kimanin shekara 50 wanda ke riƙe da muƙamin shari'a, tun a hanya aka sassare masa gaɓoɓi aka bar shi ya yi kwanaki yana shan azaba kafin ya cika, kuma labarinsa ya cancanci kulawa fiye da wadda yake samu, domin sunan Lwanga da na samarin ya kan rufe shi. Na ƙarshensu, Jean-Marie Muzeeyi, sai a ranar 27 ga Janairu 1887 aka kashe shi.

Paparoma Benedict na 15 ya sanya su cikin masu albarka a 1920, matakin da ke gabatar tsarkakewa, sannan Paparoma Paul na 6 ya ayyana su tsarkaka a ranar 18 ga Oktoba 1964, inda ya ambaci 'yan Angilikan 23 da aka kashe saboda dalili ɗaya, ya kuma ziyarci Namugongo da kansa a 1969. A yau ranar 3 ga Yuni hutu ce a Uganda, kuma masu ziyarar ibada kan yi tattaki a ƙafa na makonni daga Kenya, Tanzaniya, Ruwanda da Kwango domin su halarci sujadar a wuraren ibada biyu, na Katolika da na Angilikan.