Yadda Ake Zaɓen Faifan Lu'ulu'u Don Yankan Pabe

Pabe shi ne ƙaramin tubalin siminti da ake jerawa bisa rairayi don shimfiɗa hanya, ko filin kasuwa, ko tashar mota, ko harabar makaranta da gidan likita. Aiki ne na hannu mai ɗaukar mutane da yawa, shi ya sa ya dace da lokacin rani a ƙasar Damargu, bayan an shigar da hatsi rumbu. Duk inda jerin pabe ya kai bakin hanya, ko kwana, ko gefen magudanar ruwa, sai an yanka tubali kafin ya zauna daidai. Da injin hannu mai juya faifan lu'ulu'u ake yin wannan yanka.

Daga Tanut zuwa Damagaram wajen kilomita 150 ne bisa hanyar ƙasa mai lamba 11. Magini da ke aiki a Tarka ta gundumar Belbeji, ko Gangara, ko Tenhiya, in faifansa ya mutu da hantsi, aikin ranar ya tsaya ke nan, ga kuɗin leburori na tafiya. Don haka zaɓen faifai abu ne da ake yi da natsuwa tun kafin a fara aiki.

Mene ne faifan lu'ulu'u?

Faifan ƙarfe ne wanda aka liƙa wa haƙora a bakinsa. Kowane haƙori gami ne na garin ƙarfe da ƙananan ƙwayoyin lu'ulu'u. Wannan lu'ulu'u a masana'anta ake ƙera shi. Tun cikin shekarun 1950 aka gano hanyar yin sa a ƙasashen Suwidin da Amurka. Faifan yana cin tubali ne ta hanyar guga, kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. In ƙwayoyin da ke sama suka dakushe, sai ƙarfen da ke riƙe da su ya zaizaye, sababbi su fito.

Babbar ƙa'ida

Abu mai tauri yana son faifai mai haƙora masu taushi. Abu mai taushi da yawan rairayi yana son faifai mai haƙora masu tauri.

Ga dalili. Baƙin dutse irin na Damagaram, ko pabe na masana'anta da ya bushe sarai, yana dakushe lu'ulu'u da sauri. Dole ƙarfen haƙorin ya zaizaye da wuri don sababbin ƙwayoyi su fito. In ƙarfen ya cika tauri, sai bakin faifan ya yi santsi, ya dinga zafi ba ya ci. Shi kuwa pabe da aka buga da hannu, mai yawan rairayi, ko wanda bai cika kwana 28 da bugawa ba, yana cinye ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. In aka sa masa faifai mai haƙora masu taushi, zai ƙare tun lu'ulu'unsa bai yi aiki ba.

Saboda haka, a fara duba tubalin. A karce shi da ƙusa: in rairayi na zuba, mai taushi ne, in ƙusar ta zame ba ta bar alama sosai ba, mai tauri ne. Mai zuwa saye ya riƙe guntun pabe ɗin ya nuna wa mai kanti.

Iri uku na bakin faifai

1. Mai giɓi. Akwai tsagi tsakanin haƙoransa, ta nan iska ke shiga ƙura ke fita. Yana yanka da sauri ko babu ruwa. Shi ne ya fi dacewa da pabe.

2. Mai zane-zane a baki, wanda ake rubuta wa turbo. Yankansa ya fi na mai giɓi kyau, kuma yana yi wa dutse.

3. Mai baki sumul. Na tayil ne, kuma yana son ruwa. In an sa shi kan pabe mai kauri zai yi zafi ya lanƙwashe.

Karanta rubutun da ke jikin faifai

Nan ne karatu ke yi wa magini rana. Kalmar béton na nufin kankare, granit baƙin dutse, asphalte kwalta da abubuwa masu cin ƙarfe, carrelage tayil. In an rubuta à sec, ana iya yanka da shi ba ruwa. In an rubuta à eau, dole sai da ruwa, domin zafi na iya narka liƙin haƙoran su fice. A yankin da ruwa ke wuya kamar Damargu, faifan yanka ba ruwa ya fi dacewa, musamman wanda aka rubuta wa laser, domin liƙinsa ya fi jure zafi. Alamar EN 13236 tana nuna ƙa'idar tsaro ta ƙasashen Turai.

Sai lambobi uku. Ta farko faɗin faifai: milimita 115 ko 125 na ƙaramin inji ne, ba ya shiga fiye da kimanin santimita 3. Milimita 230 na babban injin hannu ne, yana shiga santimita 6 zuwa 7. Ga pabe mai kaurin santimita 8 ko fiye, sai a yanka sama, a juya a yanka ƙasa. Ta biyu faɗin ramin tsakiya: ga injin hannu milimita 22,23 ne, kuma dole ya zauna cif. Ta uku saurin juyawa: faifai mai milimita 230 iyakarsa kusan juyi 6.600 a minti guda, alhali ƙaramin inji yana kai 11.000. Kada a taɓa cire murfin ƙaramin inji don a ɗaura masa babban faifai. Yana iya tarwatsewa ya yi kisa. Akwai kuma kibiya a jikin faifan mai nuna ɓangaren da zai juya.

Lissafin kuɗi

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ga misali don koyon lissafi: faifai na jika 3 ya yanka pabe 100, kowane yanka ya tashi dala 6. Wani na jika 9 ya yanka 600, kowane yanka dala 3 ke nan. Na biyun ya fi sauƙi, ko da yake ya fi tsada ranar saye. Shugaban ƙungiyar magina ya rubuta a littafi ranar da aka ɗaura kowane faifai da yawan tubalin da ya yanka. Bayan aiki biyu ko uku zai san irin da ya dace da pabensu.

Kula da faifai

Kada a danna inji da ƙarfi; a bar faifan ya ci da kansa. In ana yanka ba ruwa, a ɗaga shi lokaci lokaci ya juya cikin iska ya huce, balle a watannin zafi. In bakinsa ya yi santsi, a yanka tsohon bulo mai rairayi sau biyu ko uku, zai sake kaifi. Kada a yanka har cikin rairayin da ke ƙarƙashin pabe, domin yana cin gindin haƙoran. Faifan da ya tsage, ko ya lanƙwashe, ko haƙori ya fice masa, a jefar da shi.

Lafiyar mai aiki

Farar ƙurar da ke tashi daga siminti da dutse tana da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai masu maƙalewa cikin huhu. Shaƙar ta shekara da shekaru na jawo ciwon huhu wanda ba ya warkewa, kuma yana buɗe ƙofa ga tarin fuka. Rawani ko ƙyalle ba ya tare ta. A sa abin rufe hanci mai alamar FFP2 ko FFP3, da gilashin kare ido, da abin toshe kunne. A tsaya yadda iska za ta kwashe ƙura daga jiki, a kuma nesanta yara da masu tallar abinci. Ruwa na kashe ƙura, amma kada a zuba shi kan injin hannu mai aiki da lantarki, don gudun wuta ta ja mutum. A cire filogi kafin a canza faifai.

Inda babu lantarki ko janareta, akwai injin ƙarfe na hannu mai datse pabe ta hanyar dannawa. Ba ya cin mai, ƙurarsa kaɗan ce. Ƙungiyar da ta same shi sai ta datse mafi yawan tubalinta da shi, ta ajiye faifan lu'ulu'u don kwana da wuraren da ke son yanka mai kyau.