Yadda Ake Kare Zaren Kabon Daga Ƙonewa a Tsananin Zafi

Kabon na cikin abubuwan da suka fi jure zafi a duniya. A matsin iska na yau da kullum ba ya narkewa, sai zafi ya haura digiri 3,600 a ma'aunin Salshiyos kafin ya zama tururi. Shi ya sa injiniyoyi ke saƙa zarensa, su jiƙa shi da wani irin ƙaro, su gasa har ƙaron ma ya rikiɗe ya zama kabon. Abin da ake samu, wanda ake kira kabon-kabon, ba shi da nauyi, kuma da shi ake yin birkin manyan jiragen sama da bututun da wutar roka ke fita.

Rauninsa kuwa, duk wanda ya taɓa hura gawayi ya san shi. Da zarar zafi ya wuce digiri 400 zuwa 500, kuma akwai iska, kabon yakan haɗu da oksijin ya zama gas ya tashi. Ƙarfe idan ya yi tsatsa yakan bar alama. Kabon zaizayewa yake yi shiru, sau da yawa daga ciki, ta ƙananan ƙofofin da ke tsakanin zare da zare.

Maganin da ya fi shahara shi ne a yi masa fata ta silikon-kabaid. Idan wannan fata ta sha zafi a cikin iska, samanta yakan zama silika, wato sinadarin gilashi, wanda oksijin ba ya ratsawa da sauƙi. Sai dai akwai matsala. Fatar da kabon ɗin da ke ƙarƙashinta ba sa tsukewa daidai wa daida idan suka huce, don haka tun daga wajen ƙira fatar takan daddare kamar ƙasar fadama da rani. A tsananin zafi tsagogin kan matse su rufe. A matsakaicin zafi ne suke buɗe, a lokacin da kabon ya riga ya isa ƙonewa. Nan haɗarin yake. Domin toshe su, akan cusa wani abu mai narkewa ya kwarara cikin tsagar. Gilashin boron yana narkewa a kusan digiri 450, ya yi wannan aiki, amma yana shan laima, kuma yakan ƙafe idan zafi ya yi yawa.

Kumbon NASA mai zuwa sararin samaniya ya dawo shi ne misalin da aka fi nazari. Hancinsa da gaban fikafikansa, inda zafi kan kai wajen digiri 1,600 lokacin dawowa duniya, na kabon-kabon ne, falle 22 a kowane fiffike. An mayar da samansu silikon-kabaid, aka cike tsagogin da silika, aka shafe da gilashin sodiyam. Duk da haka masu duba kumbon sun riƙa samun ƙananan huji, waɗanda aka danganta da sinadarin zinki daga fentin dandamalin harbawa. Abin da ya hallaka kumbon Columbia da 'yan sama jannati bakwai ranar 1 ga Fabrairu, 2003, ba wannan zaizaya ba ce: wani guntun soso ne ya ɓalle daga tankin mai a lokacin tashi, ya fasa falle a fiffiken hagu. Fatar kariya ba ta hana kabon-kabon fashewa idan an buge shi.

A birkin jirgin sama an fi amfani da shafe na sinadarin fosfet, a gefunan da ba sa gogayya. Babban abokin gabarsa gishirin fotashiyam ne da ake zubawa a titin sauka a ƙasashe masu sanyi domin narkar da ƙanƙara. Idan ya shiga cikin birkin, yakan sa kabon ya fara ƙonewa a zafin da bai kai na da ba, faifan ya yi laushi tun wa'adinsa bai cika ba.